Yadda ake tashi da itacen ɓaure zuwa sabon gida a tsakiyar zafi

A Kumasi mai haya ba shi yake zaɓar watan da zai tashi ba. Kuɗin da ya biya na shekara ɗaya ko biyu yakan ƙare, mai gida ya ce yana bukatar ɗakunansa, ko kuma ginin da mutum ya daɗe yana lallaɓawa a Kenyasi ko Asokore Mampong ya kai matsayin shiga, sai a wayi gari ana ɗaure kaya a cikin Fabrairu ko Maris, watannin da rana ta fi ƙuna a wannan gari. Da zaɓi ne, da an jira ruwa ya sauka sosai a Afrilu ko Mayu, ko kuma a bari sai Agusta lokacin da gari ke wuni a lumshe. Na sha ɗaga ɓaure a irin wannan lokaci mara daɗi, nawa da na maƙwabta, wasu sun kama, wasu kuma sun mutu a hannuna, kuma daga waɗanda suka mutu ɗin na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan.

Ɓauren da nake nufi shi ne na lambu, wanda Larabawa ke kira tin, mai faffaɗan ganye mai kama da tafin hannu. 'Yan uwansa irin su cediya da durumi, idan sun girma, ba a wahalar da kai wajen tono su, domin reshe mai kauri ake sara a kafa a sabon wuri ya kama.

Abu ɗaya ya kamata mai koyo ya riƙe kafin ya ɗauki shebur. Ganye yana fitar da ruwa duk tsawon yini, saiwa kuma ita ke mayar masa da abin da ya fitar, musamman ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda a jikin ɓaure suke bazuwa nesa da gindi kuma kusa da saman ƙasa. Duk ƙwarewar mai tono, mafi yawansu a tsohon gida zai bar su. Idan aka bar wa itacen ganyensa duka alhali saiwarsa ta ragu, rana za ta tsotse shi cikin kwana biyu ko uku. Kowane mataki da ke tafe ƙoƙari ne na rage abin da itacen ke fitarwa har saiwar ta farfaɗo.

Kayan da za ka tanada

Shebur mai kaifi, da diga, da adda wadda aka wasa. Shebur mai dakushi tauna saiwa yake yi, kuma saiwar da aka tauna ruɓewa take yi a cikin ƙasa.

Almakashin yankan rassa da ƙaramin zarto. Idan babu almakashin, wuƙa mai kaifi ta isa ga ƙananan rassa.

Buhunan algarara uku ko huɗu, irin waɗanda ake zuba koko a ciki, domin suna shan ruwa su riƙe sanyi. Buhun shinkafa na leda zai iya tsayawa a madadinsu, amma ba ya riƙe danshi, kuma dole a cire shi gaba ɗaya a lokacin dashe.

Igiya mai ƙarfi, da tsohon tamfol ko bargo, da faffaɗan katako guda ɗaya.

Safar hannu da riga mai dogon hannu.

Taki wanda ya ruɓe sarai, da busasshiyar ciyawa ko busasshen ganyen ayaba, da ganyen kwakwar manja na yin rumfa, da turaku, da tsohuwar robar cikin tayar keke.

Ruwa, aƙalla galan shida na rawayan nan da muke kira galan Kufuor, wanda ke cin lita 20 zuwa 25. Idan sabuwar unguwar famfo bai kai ba, ka san rijiya ko burtsatsen da za ka dogara da shi na wata biyu kafin ka fara komai.

Ƙarti uku masu ƙarfi, da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko ƙaramar motar kaya da aka yi alkawari da mai ita tun da wuri.

1. Nemi izini, sannan ka auna itacen

Idan gidan haya ne, ka yi magana da mai gida ko da kai ka dasa itacen, kuma ka yi alkawarin cike ramin da gyara daɓen da ya fashe. Bayan haka ka ɗauki zare ka zagaye gangar itacen a kamar santimita 15 daga ƙasa, ka auna tsawon zaren, ka raba shi uku, abin da ya fito shi ne kaurin itacen. Ƙa'idar masu dashe ita ce faɗin dunƙulen ƙasar da za a ɗauko tare da saiwa ya ninka kaurin itacen sau goma zuwa goma sha biyu. Ke nan itacen da zarensa ya ba da santimita 18, kaurinsa 6 ne, dunƙulensa kuma zai kai faɗin santimita 60 zuwa 70 da zurfin 40 zuwa 45. Nauyin irin wannan dunƙule yana kusa da buhun siminti uku. Idan kaurin ya kai santimita 10, dunƙulen zai kai mita guda, nauyinsa kuma ya doshi rabin tan, wanda ya fi ƙarfin mutum huɗu da igiya.

A nan nake raba gari da masu son itacensu fiye da kima. Ɓauren da kaurinsa ya wuce santimita 10, a ganina, bai cancanci a ɗaga shi a cikin zafi ba. Ka bar shi ga wanda zai shigo gidan, ka tafi da rassansa, domin ɓauren da aka tayar daga reshe yakan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma 'ya'yansa iri ɗaya ne da na uwar, ba bambanci.

2. Ɗebi rassan ajiya

Ko itacen ƙarami ne, kada ka tsallake wannan. Ka zaɓi rassan da suka yi ƙwari, masu kaurin yatsa, ka yanka guda shida zuwa takwas masu tsawon santimita 20 zuwa 25, kowanne da ido uku ko huɗu, wato wuraren da toho ke fitowa. Ka cire ganyen, ka soka kashi biyu cikin uku na kowane reshe a cikin leda ko bokiti mai huji da aka cika da yashi gauraye da baƙar ƙasa, ka tabbata ba ka juya shi kai ƙasa ba, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Cikin mako uku zuwa shida yawanci sukan yi saiwa. Idan babban itacen ya mutu, irinsa bai ɓata ba.

3. Yanke saiwa tun da wuri, idan akwai lokaci

Wanda ya san ranar tashinsa da mako huɗu zuwa shida ya yi sa'a. Ka zana da'ira kewaye da gindin, wadda ta gaza faɗin dunƙulen da ka lissafa da kamar santimita 10, sannan ka soka shebur a tsaye har zurfin santimita 30 a kan zanen. A lokacin zafi ba na yanke da'irar duka rana ɗaya. Nakan raba ta kashi shida, in yanke uku ina tsallake ɗaya-ɗaya, bayan mako biyu in dawo ga sauran ukun. Saiwar da aka yanke takan fitar da sababbin ƙanana a kusa da gindi, wato a cikin ƙasar da za ta yi tafiya tare da itacen. A wannan tsakani ka riƙa ba shi ruwa a kai a kai. Idan kwana uku kawai ya rage maka, ka bar wannan mataki, amma ka ƙara yawan rassan da za ka sare a mataki na biyar.

4. Haƙa sabon rami kafin ka taɓa itacen

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tono itace a kai shi sabon gida, sannan a fara neman inda za a sa shi. Ka je kwana biyu kafin ranar, ka zaɓi wurin da rana ke samu sosai, domin ɓaure ba ya 'ya'yan kirki a inuwa, kuma ka nisanta shi aƙalla mita 4 zuwa 5 daga katanga da rijiya da bututun ruwa da ramin masai, saboda saiwarsa tana bin danshi duk inda yake. Faɗin ramin ya ninka faɗin dunƙulen sau biyu, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen. Jar ƙasar Kumasi takan yi santsi kamar cikin tukunya idan shebur ya goge ta, don haka ka caccaki bangon ramin da diga yadda saiwa za ta sami hanyar ratsawa.

Daga nan ka cika ramin da ruwa ka tafi. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwan yana nan kwance, wurin bai dace ba, domin abin da ba ya shanyewa a Maris zai zama tafki a Yuni, ɓaure kuwa ba ya jure ruwa a gindinsa. Ko ka canza wuri, ko ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsayin santimita 30 ka dasa a kansa. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na taki cikin kashi huɗu. Ɗanyen kashin kaji, wanda ake samu da araha a gonakin kaji na kewayen gari, ƙona saiwa yake yi, sai wanda ya yi watanni a tare har zafinsa da warinsa suka fita.

Idan sabon gidan ma na haya ne, ko an yi wa tsakar gidan daɓen siminti, ka raba duro na roba biyu, ka huhhuda gindinsa, ka dasa a ciki. Ɓaure yana rayuwa a haka, yana kuma 'ya'ya, sai dai zai riƙa bukatar ruwa fiye da na ƙasa.

5. Shayar da shi, ka rage masa kai

Kwana biyu a jere kafin tono, ka kwarara masa galan biyu kowace yamma. Ƙasa mai danshi tana riƙe kanta, busasshiya wargajewa take yi, wadda ta zama taɓo kuma nauyi take ƙarawa a banza, saboda haka a ranar tonon kada ka ƙara ruwa.

Da safiyar ranar, kafin rana ta ɗaga, ka sare rabin rassan ko ma kashi biyu cikin uku idan ba ka sami yin mataki na uku ba. Ka fara da waɗanda suka bushe da waɗanda ke gogar juna, ka gajarta sauran, kana yankawa daidai saman ido. Ka tsinke 'ya'yan duka, har ƙananan, ka kuma cire yawancin ganyen da ya rage, ka bar 'yan kaɗan a ƙarshen rassa. Masu itace sukan ji ciwon wannan mataki, har wasu su roƙi a bar musu reshen da ya ɗauko 'ya'ya, amma itacen da ke fama da neman ruwa ba shi da abin da zai ciyar da ɗa.

A nan ne amfanin safar hannu da doguwar riga. Farin ruwan da ke fita daga ɓaure, idan ya taɓa fata sannan rana ta buge ta, yana ƙona ta. Wani yaro da ke taya ni aiki ya taɓa cire rigarsa saboda zafi ya rungumi rassan da muka sare, bayan kwana biyu damatsansa suka yi bororo kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, kuma tabon ya yi watanni bai gushe ba. Wanda ruwan ya taɓa ya wanke da sabulu nan take, ya rufe wurin daga rana, ya kuma kiyaye idonsa. Wuraren da aka yanke a jikin itacen a bar su su bushe da kansu, kada a shafa musu baƙin man mota kamar yadda wasu ke yi.

6. Tono da naɗewa

Ka fara bayan La'asar. Kafin shebur ya taɓa ƙasa, ka yi wa gangar alama da alli ko gawayi daidai inda ƙasa ta tsaya a jikinta, ka kuma tattara rassan ka ɗaure su sako-sako. Ka zana da'irar dunƙulen, sannan ka haƙa kwalbati a bayan zanen, mai faɗin da mutum zai iya tsayawa a ciki, kana juya bayan shebur ga itacen don kada ka riƙa banƙare dunƙulen. Duk saiwar da ta kai kaurin yatsa, ka yanke ta tas da almakashi ko zarto, kada ka fizge ta. Idan ka kai zurfin da ka lissafa, sai ka fara shiga ƙarƙashi a karkace daga kowane gefe, har dunƙulen ya zama kamar ƙwarya mai tsukakken gindi.

Ka duba saiwoyin da ka yanke. Idan ka ga suna da ƙulli-ƙulli kamar carbi, to wata ƙaramar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani ta kama su, kuma ɓaure yana cikin itatuwan da ta fi addaba. Irin wannan itace, ɗaukarsa kai cuta ne sabon gida, gara ka dogara da rassan ajiyarka a cikin ƙasa mai tsabta.

Idan saiwar lafiya take, ka farke buhunan ka jiƙa su. Mutum biyu su karkata dunƙulen gefe ɗaya a hankali, na uku ya cusa naɗaɗɗen buhu a ƙarƙashi, a karkata ɗaya gefen a jawo shi, sannan a naɗe dunƙulen duka a ɗaure shi da igiya tamau, sama da ƙasa da kewaye, yadda ake ɗaure ganga. Idan duk da haka ƙasar ta wargaje, kamar yadda takan yi a wuri mai yashi, kada ka tsaya jimami. Ka dama jar ƙasa da ruwa ta yi kaurin kunu, ka tsoma saiwar a ciki, ka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ka ƙara sare rassan har itacen ya rage kamar mita ɗaya.

7. Ɗauka da tafiya

Ba a ɗaga itace ta gangarsa. Nauyin ƙasar zai ja ƙasa, gangar ta ja sama, ƙananan saiwoyin da aka sha wahalar tsarewa su tsintsinke a ciki ba tare da kowa ya gani ba. A mirgina dunƙulen kan tamfol, a kama kusurwoyi huɗu, ko a zame shi a kan katako har cikin abin hawa. A kwantar da itacen, dunƙulen yana wajen direba, a tokare shi da tsofaffin tayoyi ko buhunan yashi don kada ya yi birgima, a lulluɓe rassan da jiƙaƙƙen zane.

Ɓauren farko da na rasa, a wannan mataki na rasa shi. Mun tono shi da hantsi a Aboabo, mai motar da muka yi da shi bai zo ba sai bayan Azahar, muka ɗora shi a tsaye ba lulluɓi, cunkoson motoci kuma ya riƙe mu a hanya. Da muka isa, ganyen ya yi laushi kamar an turara shi, ƙasar kuma ta tsattsage a cikin buhu. Tun daga ranar ba na fara tono sai abin hawa yana ƙofar gida. Idan tafiyar mai nisa ce, kamar daga Kumasi zuwa Accra, a yi ta da dare ko da asuba, a kuma tsaya a hanya a sake jiƙa buhunan.

8. Dasawa

Ka yi ƙoƙari itacen ya kwana a sabon raminsa, ko da da fitila za a ƙarasa aikin. A saukar da dunƙulen a hankali, a gitta sanda a bakin ramin a duba alamar gawayin nan: dole ta yi daidai da saman ƙasa ko ta ɗan fi shi da yatsa biyu, domin dunƙule yakan zauna daga baya. Binne ganga fiye da yadda take a da yana ruɓar da ɓawonta. A kwance igiyar, a yanke buhun daga sama da gefuna, abin da ya rage a ƙarƙashi a bar shi idan algarara ne, zai ruɓe. A mayar da ƙasa har rabi, a zuba galan guda, a jira ya shanye, a cika sauran, a danna da tafin hannu ko a taka a hankali, ba irin takun masu daɓe ba. A ƙarshe a yi ɗan kewayen ƙasa kamar bakin kwano daidai faɗin dunƙulen, a zuba galan biyu a ciki. Takin zamani ba shi da wuri a wannan rana.

9. Ciyawa, rumfa da shinge

Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 8 zuwa 10 a kan kewayen, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da gangar saboda gara da ruɓa. Garin katako, wanda ke da yawa a wurare irin su Sokoban, ana iya shimfiɗa shi a sama idan ya daɗe a tare, amma kada a cakuɗa shi da ƙasar rami. Ka kafa turaku biyu ko uku a wajen dunƙulen, ka ɗaure gangar da robar taya yadda za ta iya ɗan motsi, domin guguwar farkon damina tana kayar da itacen da bai kama ba. Sai rumfar ganyen kwakwa a sama da kuma ɓangaren yamma, mai barin iska da ɗan haske su shiga. Gangar da aka cire wa ganye takan ƙone a rana, don haka idan rumfar ba ta rufe ta ba, ka shafa mata farin fenti na ruwa da aka sirka da ruwa daidai wa daida. Fentin mai bai dace ba. A unguwar da awaki da tumaki ke yawo, shinge wajibi ne tun daren farko.

10. Ban ruwa da jira

A mako biyun farko ka zuba galan ɗaya kowace yamma a kan dunƙulen kansa, domin a nan kaɗai saiwar take. Daga nan ka koma kowane kwana biyu ko uku, amma kafin ka zuba ka soka yatsa cikin ƙasa ƙarƙashin ciyawar: idan ka ji danshi, ka bari sai gobe. Yawan ruwa yana kashe dashe kamar yadda ƙishi ke kashe shi, kuma alamarsu kusan ɗaya ce, ganye ya yi rawaya ya faɗi, shi ya sa yatsa ya fi ido gaskiya a nan. Da zarar ruwan sama ya zauna, ka fasa bakin kwanon nan don kada ruwa ya taru.

Kusan kowane ɓauren da na ɗaga a zafi sai da ya zubar da ɗan ganyen da aka bar masa. Wata dattijuwa da na dasa wa nata ta aiko a kira ni a rana ta goma, ta nuna mini shi tsirara ta ce, "Malam, wannan ai ya zama na girki." Na ce, "Hajiya, a ƙara masa haƙuri." Na kankare ɓawon wani reshe da farce a gabanta, sai ga kore shar a ƙarƙashi, da ɗan farin ruwa yana tsattsafowa. Wannan shi ne gwajin da za ka riƙa yi: muddin ƙarƙashin ɓawo kore ne, itacen yana da rai. Idan reshe ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ka bi shi ƙasa-ƙasa kana kankarewa har inda ka sami kore, ka yanke a nan. Ko da saman duka ya mutu, kada ka tumɓuke gindin kafin wata uku, domin ɓaure yakan tofo daga ƙasa.

Sabon toho yakan fito tsakanin mako uku zuwa shida. Idan ganyen ya buɗe ya yi ƙwari, ka riƙa zare ganyen kwakwar rumfar ɗaya-ɗaya cikin mako biyu, har itacen ya saba da rana. A lokacin ne za ka iya barbaɗa ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa, takin zamani kuma ka jira sai bayan wata uku, shi ma ɗan kaɗan kuma nesa da gangar. Turakun su zauna wata shida zuwa shekara, kana sassauta robar idan ta fara cin ɓawo. 'Ya'yan da suka fito a watanni shidan farko ka tsinke su tun suna ƙanana.